Ina za a kafa famfon? Nazarin wani aikin taswira a Damagaram

Kuɗin famfo uku ne kacal a hannu, unguwannin da ke nema kuwa sun ninka haka. Wasu 'yan kasuwa 'yan asalin Damagaram mazauna Kano da Agadas da Yamai ne suka yi karo-karo, suka ce a kafa famfon unguwa, irin wanda ake sa wa mai tsaro yana sayar da ruwa bido-bido, a inda mutane suka fi shan wuya. Suka naɗa kwamiti a gida, aka ba ni riƙon takardunsa. Kwamitin ya yi ta zama yana watsewa ba matsaya, domin duk mai unguwar da aka tambaya sai ya ce tasa ce ta fi galabaita, kuma babu wanda za ka ce ya yi ƙarya a cikinsu.

Ruwa tsohon ciwo ne a garin nan. Duwatsun da ake gani jibga-jibga a Birni su ne shimfiɗe a ƙarƙashin ƙasa, ba sa riƙe ruwa, shi ya sa haƙa foraj a cikin gari sau da yawa yakan zama asarar kuɗi. Ruwan bututu daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Macaya, da Arunguza, da Ganaram. Ƙarancin ruwa ma yana cikin dalilan da ake bayarwa na mayar da hedikwatar mulkin mallaka daga nan zuwa Yamai a 1926. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da 300,000 a gundumomi biyar na birnin, kuma tun daga lokacin gari yake faɗaɗa ta kowane gefe, gini yana riga bututu isa.

Da gardama ta ƙi ƙarewa, sai aka nemo matasa biyu da suka karanci ilimin ƙasa a Jami'ar André Salifou, mace da namiji. Ita ce mai zama gaban kwamfuta, shi kuma mai fita fili da waya. Sharaɗinsu guda ne: kwamiti ya fara amincewa da tambayar da za a yi tun kafin kowa ya ga amsa. Aka amince da wannan: waɗanne gidaje ne ba su da wurin ɗibar ruwa a cikin tazarar mita 500? An aro lambar ce daga ƙa'idojin Sphere na aikin agaji, waɗanda suka ce kada tazara daga gida zuwa wurin ruwa ta wuce mita 500, kada jiran layi ya kai minti 30, kuma mutum ya samu aƙalla lita 15 a rana. Don lokacin bala'i aka tsara su, wato su ne mafi ƙanƙantar abin da za a yarda da shi. Hakan bai hana su zama ma'auni mai kyau a wurinmu ba, tunda ba wani daga cikinmu ne ya ƙirƙiro su ba.

Ana iya buɗe QGIS, manhajar zana taswira, a zana da'ira kewaye da kowane famfo a duba da ido. Malamar, wato mai kwamfutar, ba ta yarda da wannan ba, ta zuba komai a rumbun bayanai na PostgreSQL mai ɗauke da PostGIS, ƙarin da ke ba rumbun bayanai damar gane ɗigo da layi da fili mai iyaka, ya kuma auna tazara tsakaninsu. Wani kamfani a Kanada ne ya fara fitar da shi a 2001, kyauta ne, kuma yana tafiya a kan laftof ba tare da intanet ba. Hujjarta ita ce tambayar za ta yi ta canzawa, kuma tambayar da aka rubuta da SQL, harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi, tana nan a rubuce, duk mai shakka zai iya karantawa ya sake gudanar da ita. A garin da ake zargin kowane kwamiti da son kai, wannan hujja ta fi kowace nauyi a wurina.

Falle uku na bayanai aka tara. Hanyoyi da wani ɓangare na gine-gine daga OpenStreetMap, taswirar intanet da 'yan sa-kai ke zanawa, aka sauko da su. Inda ba a zana gine-gine ba, musamman bakin gari, aka cike da bayanan Open Buildings na Google, waɗanda na'ura ce ta tsamo su daga hoton tauraron ɗan'adam. Wuraren ruwa kuwa babu inda za a sauko da su, sai ƙafa. Saurayin da wasu samari daga fadojin unguwanni suka bi lungu-lungu da manhajar tattara bayanai ta KoboCollect a wayoyinsu, suna tsayawa a kowane famfon unguwa, kowace rijiya, kowane shato (tankin ruwa na sama), kowane gida mai sayar da ruwa ta bango, suna ɗaukar ɗigon GPS da hoto. Takardar tambayoyin da farko iri da halin aiki kawai ta ƙunsa. Wata dattijuwa a kwamiti ta dage sai an ƙara gurbi biyu: wane lokaci ruwa ke zuwa, kuma yana zuwa a bazara ko ba ya zuwa. Ta ce famfon da ke bayansu a watan Agusta sarki ne, a watan Afrilu kuwa sai dai awaki su kwanta a inuwarsa. Aka ƙara, wasu na ganin ɓata lokaci ne.

Matsalar farko tun a bakin ƙofa ta tsaya. An buɗe bayanan filin a Excel mai saitin Faransanci don a gyara sunaye, shi kuma waƙafi yake sa wa a lamba inda PostgreSQL ke jiran aya, ya kuma raba gurabe da waƙafi mai ruwa. Rumbun ya ƙi karɓar 13,80 a matsayin lamba. Wannan mai sauƙi ne, domin ya yi ƙara an ji. Ta biyun shiru ta yi. Bayanai suka shiga lafiya, aka buɗe su a kan taswira, Damagaram wayam ba ɗigo ko ɗaya. Da aka ce manhaja ta kai mu inda ɗigogin suke, sai ga su cure a arewacin Kamaru, kudu maso gabashin Garwa. Garinmu yana wajen digiri 13.8 arewa da digiri 9 gabas. Waya tana rubuta latitud kafin longitud, yadda mutane suka saba faɗa, amma ST_MakePoint, umarnin PostGIS mai ƙirƙirar ɗigo, longitud yake so a gaba. Idan aka juya su, 9 ta zama arewa 13.8 ta zama gabas, ka tsallake Najeriya gaba ɗaya. ST_FlipCoordinates ya dawo da su gida cikin ƙiftawar ido. Daga nan malamar ta sa wa teburin shinge: duk ɗigon da longitud ɗinsa bai faɗa tsakanin 8.9 da 9.1 ba, ko latitud tsakanin 13.7 da 13.9, rumbun ya ƙi shi tun a shiga. Shingen nan ya kama wasu ɗigogi daga baya, na wayoyin da aka danna musu ajiye kafin su gama kama tauraro.

Ga tambayar kamar yadda aka fara rubuta ta:

SELECT g.id, g.geom
FROM gidaje g
WHERE NOT EXISTS (
  SELECT 1 FROM famfuna f
  WHERE ST_DWithin(g.geom, f.geom, 500)
);

Ma'anarta: kawo mini duk ginin da babu wurin ruwa ko ɗaya a cikin 500 daga gare shi. Amsa ta fito babu layi ko guda. Wato a cewar kwamfuta, duk Damagaram ba wanda ke nesa da ruwa.

A nan ne mutane da yawa ke faɗawa, don haka ya kamata a tsaya a kai. ST_DWithin, umarnin da ke duba tazarar, bai san mita ba, ma'aunin da aka ajiye bayanai da shi kawai ya sani. Bayanan GPS suna zuwa a tsarin WGS 84, mai lamba 4326, wanda digiri ne ma'auninsa. To 500 ɗin nan digiri 500 aka karanta ta, alhali kewayen duniya dukanta digiri 360 ne. Wasu kan yi dabara su rubuta 0.0045 a madadin 500. A nan garin digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 110.6 ne, daga gabas zuwa yamma kuwa kusan 108, don haka 0.0045 yakan ba ka wajen mita 498 ta wani gefe, 486 ta wani, da'irarka ta matse. Bayanan OpenStreetMap kuma idan aka shigar da su ta manhajar osm2pgsql ba tare da an canza saiti ba, a tsari mai lamba 3857 suke sauka, irin na taswirorin intanet. Shi ya fi yaudara, domin sunan ma'auninsa mita ne, amma yana miƙa ƙasa gwargwadon nisanta daga layin da ya raba duniya arewa da kudu. A latitud ɗinmu miƙewar ta kusa kashi 3 cikin ɗari, 500 a can mita 486 ce a ƙasa.

Magani shi ne a mayar da komai tsarin UTM, wanda ya raba duniya shiyya-shiyya yake awo da mita, da ST_Transform. Shiyyar 32 ta arewa, mai lamba 32632, ta kama daga digiri 6 zuwa 12 gabas, kuma layin tsakiyarta, digiri 9, ta kan Damagaram ya ratsa. Kuskuren awo a kan layin nan santimita 40 ne a kilomita, abin da ba zai dami mai neman wurin famfo ba. Sai dai a kula: Yamai tana shiyyar 31, mai lamba 32631, kuma yawancin fayilolin da ake turowa daga can da ita suke zuwa. Wanda ya kwafa ya yi aiki da ita a nan zai riƙa ƙarin kusan mita 5 a kowace kilomita ba tare da wani gargaɗi ba. Akwai hanya ta biyu, wato a juya bayanan zuwa nau'in geography, wanda ke lissafi a kan doron duniya kai tsaye ya ba da amsa a mita. Tana aiki, amma ta fi nauyi, kuma ga gari ɗaya da ke zaune a tsakiyar shiyya ba a bukatarta.

Sai batun sauri. Kafin a sa fihirisa, kwamfutar tana auna kowane gini da kowane famfo ɗaya bayan ɗaya, fanka na kuka, batir na zuba, wuta kuma ba ta da tabbas. Fihirisar GiST tana ajiye akwatin da ya kewaye kowane abu, ta yadda za a watsar da na nesa tun kafin a fara awo, kamar baƙon da ya tambayi mai unguwa gidan da yake nema maimakon ya bi gari yana sallama ƙofa-ƙofa. Layi ɗaya ne ga kowane tebur, CREATE INDEX da USING GIST, sannan ANALYZE. Wani abin lura shi ne ST_DWithin yana amfani da fihirisar, amma idan aka rubuta ST_Distance ƙasa da 500, wanda a ido ma'anarsu ɗaya, fihirisar ba ta shiga, a koma gidan jiya.

Taswirar farko ta gaskiya ta fito yadda kowa ya zata: tsakiyar gari, su Birni da Zango da Sabon Gari, kusan duk kore, wato akwai ruwa kusa, ja kuwa, alamar babu, ya yi wa gari ƙawanya ta gefe. Da a nan aka tsaya, da an raba famfo uku a bakin gari an tashi. Malamar ta ƙara sharaɗi ɗaya a cikin tambayar, AND f.ruwa_a_bazara, wato a lissafa wuraren da ke ba da ruwa daga Maris zuwa Mayu kaɗai. Koren ya yage. Wasu sassa na cikin gari da ke kan tudu, waɗanda famfo ke kewaye da su ta ko'ina, suka koma ja, domin idan ƙarfin ruwa ya ragu a bututu, na kwari ne ke samu, na tudu sai tsakar dare ko kuma babu. Wani yanki na bakin gari da ake ganin ya fi kowa nisa kuma ya zama kore, saboda shato ɗaya na wani bawan Allah da ba ya yankewa. Gurbin da dattijuwar nan ta dage a sa shi ne ya fi duk wata dabarar lissafi canza sakamakon aikin, kuma mata da 'yan garuwa sun san abin da ya nuna tun kafin a kunna kwamfuta. Abin da rumbun ya ƙara shi ne ya nuna shi a dunƙule, ga gari duka, a gaban mutanen da ba su taɓa ɗaukar bido ba.

Gini ba gida ba ne, kuma wannan ya ba da wahala fiye da yadda aka zata. Gidan Bahaushe guda yana iya ƙunsar zaure da ɗakuna da madafa da rumbu, na'ura kuma kowane rufi gini take ƙirga shi. Haka nan idonta ya fi kama rufin kwano mai ƙyalli. Soron ƙasa launinsa ɗaya da tsakar gida, bukkar zana kuma takan ɓace mata gaba ɗaya, wato masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda dominsu aka fara aikin, su ne suka fi zubewa daga lissafi. An gwada ST_ClusterDBSCAN don a haɗa rufin da ke kusa da juna su zama gida ɗaya. A sababbin unguwanni masu faɗin titi ya yi kyau. A Birni, inda bango ke jingine da bango, sai ya haɗiye layi guda ya mai da shi gida ɗaya. Daga ƙarshe aka bar dabara aka koma ƙafa: a kowane yanki da ya fito ja, samari suka zaɓi wasu layuka suka ƙirga ƙofofin gida da magidanta, aka kwatanta da abin da na'ura ta gani, aka gyara nauyin kowane yanki da hakan. Kiyasi ne, kuma da sunan kiyasi aka rubuta shi a rahoto.

Iyakokin unguwanni kuma sun kusa tada rigima. Kwamiti yana son amsa unguwa-unguwa, saboda haka aka roƙi masu unguwanni su nuna iyakarsu a kan hoton tauraro da aka buga a takarda. Kusan duk inda unguwa biyu suka haɗu, zanen ya hau kan juna, wani wuri kuma ya bar fili ba mai shi. Ta fuskar lissafi, ginin da ya faɗa inda zane biyu suka haɗu ST_Intersects zai ƙirga shi sau biyu, wanda layi ya ratsa ta kansa kuma ST_Within zai bar shi ba unguwa. Wasu zanen ma sun harɗe kansu, ST_IsValid ya ce ba su inganta ba, sai da ST_MakeValid ya warware su. Ana iya rage matsalar da ST_PointOnSurface, a mai da kowane gini ɗigo ɗaya. Amma babbar matsalar ba ta lissafi ba ce. Taswirar da ta fito daga kwamiti ɗauke da iyakar unguwa, gobe wani zai ɗauke ta ya kafa hujja da ita a rikicin fili. Sai aka ajiye iyakokin gaba ɗaya, aka shimfiɗa wa gari raga ta akwatuna masu kusurwa shida da ST_HexagonGrid, wanda ya zo da PostGIS 3.1, aka ƙirga gidajen da ba su da ruwa a kowane akwati. Akwati ba shi da mai unguwa, ba wanda zai ce an rage masa ƙasa. A ganina wannan ce shawara mafi hikima da aka yanke a aikin duka.

Saura tazarar kanta. Mita 500 ta ST_DWithin tafiyar tsuntsu ce, yarinya mai bido a ka kuwa dole ta kewaye katangar makaranta, ta kewaye dutse, ta tsallake babban titin kwalta, da damina kuma ta kewaye tafki. Aka ɗora pgRouting, ƙarin da ke lissafin tafiya a kan hanya, a kan layukan hanya, aka nemi pgr_drivingDistance ya bi hanya daga kowane famfo har mita 500. Sakamakon farko ya munana ƙwarai, domin yawancin lungunan ƙafa ba su cikin OpenStreetMap, wasu kuma an zana su amma bakinsu bai taɓa titin da suke fita ba, ko da ratar mita ɗaya ce manhaja takan ɗauka hanya ta toshe. Saurayin ya nemi wasu 'yan garuwa, ya riƙa bin su da waya a aljihu tana ɗaukar sawu, daga famfo zuwa gidajen da suke kai wa. Sawun nan aka zana aka ƙara. Ba a yi wa gari duka ba, sai akwatunan da ke kan gaba a jerin, don a tabbatar da su. A wuri ɗaya hakan ya canza jeri: wani rukunin gidaje da tafiyar tsuntsu ta sa shi cikin kore, ashe doguwar katanga ce tsakaninsa da famfon, tafiyar ƙafa ta kusa ninka tazarar.

Sanin inda ake bukata rabin aiki ne, sai kuma inda zai yiwu. Famfon unguwa daga bututu yake sha, kowace mita ta ƙarin bututu kuɗi ce. Taswirar bututu a takarda aka samu, aka ɗauki hotonta, aka daidaita ta a QGIS da mahaɗar tituna da ake iya ganewa, aka zana layukan da hannu. Da alamar <-> ta PostGIS, wadda ke jera abubuwa daga mafi kusa, aka samo wa kowane akwati ja bututun da ya fi kusa da shi da tazararsa. Aka cire tafkuna da kwarin da ruwa ke kwanciya da ST_Difference. Ba wanda ya yi gardama a kan wannan, don kowa na tune da damanar 2024, wadda a watan Satumbanta tsohon masallacin Birni ya rushe. An duba tsayin ƙasa da bayanan SRTM, awon tsayin ƙasa da aka ɗauka daga sararin samaniya, amma kowane ɗigonsu fili ne mai faɗin mita 30, ya isa ya nuna tudu da kwari, bai isa ya ce ruwa zai hau ko ba zai hau ba. Wannan sai da aka tambayi masu aikin bututu.

Ranar gabatarwa aka haska taswirar a bangon wani aji. Wani mai unguwa da bai ga yankinsa a sahun gaba ba ya miƙe. Ya nuna wani ɗigo shuɗi da sandarsa.

"Ɗiyata, wannan da kika sa yana aiki, yaushe rabonki da shi?"

"Ranka ya daɗe, ranar da yara suka je sun tarar ana ɗiba."

"To an rufe shi. Mai tsaronsa ya rasu, bashin ruwa ya taru, an cire kan. Ki aika a duba yanzu."

Aka tura yaro a kan kabu-kabu, ya dawo da hoto: bututu a toshe da tsumma, ƙasa a bushe. Malamar ta gyara layi ɗaya a teburin famfuna da UPDATE, ta sake gudanar da tambayar a gaban kowa. Akwatuna biyu suka koma ja a bango. Yankin nasa ya hau sama a jerin, ko da yake bai kai na ɗaya ko na biyu ba. Ya ce ya gani, ya zauna. Daga nan sai bakin mutane ya buɗe, kowa na kawo gyara a kan famfon da ya sani, ana rubutawa don a je a tabbatar. Shugaban kwamiti ya tambaya ko amsar za ta canza in an rage tazarar. Aka sa 300, aka sa 700. Wurare biyu na farko ba su motsa ba ko sau ɗaya. Na uku ne ya riƙa sauyawa tsakanin yankuna biyu. Wannan gwajin ya kwantar da hankalin masu kuɗin fiye da duk wani bayani, saboda ya nuna biyun farko ba su dogara da lambar da aka zaɓa ba.

Akwai abin da aka ƙi haskawa. Gidajen da ke sayar da ruwa daga famfonsu na cikin gida an lissafa su a tambayar, tunda da su unguwa ke rayuwa, amma ba a nuna ɗigonsu ba, ba a kuma ɗora su a OpenStreetMap ba. Sun ba da bayani ne bisa amana, kuma bayyana su na iya jawo musu tambayoyi. Famfunan jama'a da lungunan da aka bi da 'yan garuwa su aka ɗora, yadda mai aiki na gaba zai same su.

Famfo biyu an kafa su, ɗaya a wani tudu na cikin gari a gefen da masu bututu suka ce ruwa na iya kaiwa, ɗaya a bayan doguwar katangar nan. A duka biyun sai da aka matsa kaɗan daga inda lissafi ya nuna, domin ɗigon farko ya faɗa a filin wani, na biyun kuma a bakin ƙofar masallaci, inda layin bidoji zai tare masu shiga. Mai unguwa da liman ne suka nuna inda ya dace.

Na ukun bai tashi ba har yanzu. Yankin da ya fi yawan gidaje marasa ruwa a cikin biyun da ke takara shi ne ya fi nisa da bututu, kuma kuɗin jan bututun kaɗai ya fi abin da ya rage. Ɗaya yankin yana dab da bututu, ana iya gama nasa cikin ɗan lokaci. Kwamiti ya rabu. Masu son a gama suna cewa ruwa a hannu ya fi alkawari, kuma su ma can ɗin mabukata ne. Ni ina cikin waɗanda suka ce a riƙe kuɗin a nemi ciko, domin yankin da ke kusa da bututu ko ba mu ba wata rana za a kai masa, na nesan kuwa in aka tsallake shi yau saboda nisansa, da wannan dalilin za a tsallake shi gobe. Babu umarnin SQL da zai raba wannan gardama, kuma malamar ta ƙi ba da ra'ayi, ta ce nata shi ne ta faɗi tazara da yawan gidaje, ta kuwa faɗa. Ƙuri'a ta ba masu jira rinjaye da ƙyar. An rubuta wa masu karo-karo da hukumar gari takarda, haɗe da taswirar yankin da tsawon bututun da ake bukata. An fitar da kwafin rumbun da pg_dump an damƙa wa mutum uku, tare da fayil ɗin tambayoyin, kuma an sa samarin su sake zagaya wuraren ruwa idan Afrilu ta kama, a sabunta gurbin bazara kafin kwamiti ya koma kan maganar famfo na uku.